Ranakun da Sirajo Ke Zuwa Kalgo

Malam Khalilu yana da wani ɗan aibi, kuma in aka matsa masa shi ma yakan amsa shi: ba ya tambaya. In yana son sanin ko an sa gishiri a miya, ba zai buɗe baki ya tambayi matarsa ba. Sai ya bi ta madafi kamar mai neman buta, ya leƙa robar gishirin, ya kwatanta da yadda ya gan ta jiya, ya dawo ya zauna da hukuncinsa. Sau da yawa hukuncin ba daidai ba ne, amma dai nasa ne. Da wannan hali ya shekara ashirin da ɗoriya a sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a Gwandu, kuma har yau ba wanda zai ce ya taɓa jin ya nemi bayani daga bakin mai shi.

Sai Allah ya haɗa shi da wata al'ada da ta yi masa daidai kamar an auna. A gidansu, kamar sauran tsofaffin gidajen garin, iyaye ba su kama sunan ɗan fari. Ba su zama hira da shi, ba su nuna sun damu da shi ko da zazzaɓi zai kayar da shi a gabansu. Haka aka yi wa yayan Malam Khalilu, ga shi nan ya girma har ya aje tumbi, saboda haka ba wanda ya ga abin gyara. Nasa ɗan farin sunansa Sirajuddeen, gari na kiransa Sirajo. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun daga yaye, bai dawo gidan ubansa ba sai da ta rasu, lokacin har ya fara gemu. Malam Khalilu na ce masa "wancan". Matarsa Kubura na ce masa "yaron nan". In akwai saƙo, Malam Khalilu yakan dubi bango ya ce a gaya wa wancan ya kai taki fadama. Wancan kuwa yana tsaye a gefensa, sai ya amsa wa bangon da "to".

Ciwon ya shigo ne a hankali bayan rasuwar tsohuwar. Sirajo ya bar karatu, ya bar cin abinci sai an matsa, ya bar fita, daga baya ya bar magana. An sha rubutu, an yi sauka, an yi hayaƙi. Ranar da ya gaya wa wani abokinsa cewa ya gaji da zaman duniya kuma ba da wasa yake ba, abokin bai tsaya jin nauyi ba, ya zo zaure ya faɗa. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a Kalgo, ya yi makonni a can.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sista Huseina ta kira iyayen cikin ofis. Gajeriya ce mai tabarau, ba ta san zagaye-zagaye ba. Ta ce Sirajo ya samu sauƙi, amma kada sauƙin ya ruɗe su, domin makonnin da ke bin fitowa daga asibiti su ne suka fi hatsari. Maganinsa ya zauna a hannun babba, a riƙa ba shi na kowace rana a ranarta. Maganin feshi da duk abin da ya yi kama da shi a kulle. Kada a bar shi shi kaɗai in ransa ya yi nauyi. In ya fara rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba tafiya a gabansa, a kira ta. Malam Khalilu yana ta gyaɗa kai, domin duk wannan aikin sa ido ne, shi kuwa nan ne gonarsa.

"Sannan ku riƙa tambayarsa," in ji ta. "Ba 'ya jiki' ba. Ku dube shi ku ce, kana tunanin kashe kanka?"

Malam Khalilu ya nemi tsari a fili. Ya ce ai wannan tuna wa mutum abin da ya mance ne. Ta ce a'a, tambaya ba ta dasa wa mutum abin da babu shi a ransa, in kuma akwai shi, ita ce ke ba shi wurin saukewa. Ya ce to. Ya saci kallon Kubura, ya ga ta ja mayafi ta sunkuyar da kai tana kallon siminti, ya gode wa Allah da ya sa mata ba su cika bin maganar asibiti ba. Bai gaya wa Sista cewa yaron da ake so ya duba ya yi wa wannan tambaya, shi bai taɓa tambayarsa ko ƙarfe nawa ba.

Da suka dawo Gwandu ya kama sauran umarnin hannu biyu, har ya yi ƙari. Ya kwashe maganin feshin albasa ya kulle a shagon wani amininsa. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki ya tsince duk abin da ke da kaifi, har da almakashin gyaran gashin bakinsa. Kubura ta yini tana yanka kuɓewa da murfin gwangwani, da yamma ta nuna masa yatsanta ta ce murfin ya fi wuƙar da ya ɓoye kaifi, sannan ya dawo mata da ɗaya. Maganin asibiti kuwa ita ya damƙa wa, domin ba da shi yana bukatar a tsaya gaban yaron a miƙa masa, wannan kuma a ganinsa aikin cikin gida ne. Kullum bayan asuba takan shiga ɗakin Sirajo da kofin kunu da ƙwayar ranar, ta ɗan jima, ta fito.

Sirajo ya fara cin tuwo. Ya fara zuwa masallaci. Wata safiyar yakan saɓa fartanya ya bi ma'aikata fadama, ya dawo da laka har gwiwa. Kowane uba zai yi hamdala. Malam Khalilu ma ya yi, amma da ido ɗaya a buɗe, don ya lura da wani abu.

Ba kullum yaron ke zuwa fadama ba. Wata safiyar, ba shiri ba sanarwa, sai tsohuwar motar Sambo ta tsaya a ƙofar gida. Sambo ƙanen Kubura ne, direban haya, yana jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi da Kalgo, mutum mai jan haƙora da dogon baki. Sai Sirajo ya fito ba ya kallon kowa, ya shiga gaba, ba a sake ganinsa sai magariba. Ranakun ba su da tsari. Ba ranar kasuwa ba, ba ranar ganin likita ba, wannan Malam Khalilu ya san ta. Wani makon ba a ga motar ba sam, wani makon ta zo a jere.

Ya fara bincike irin nasa. Ya ce wa Kubura yau gidan shiru. Ta ce yaron nan ya bi kawunsa. Ya ce Kalgo dai da nisa. Ta ce da nisa. Ya ce mai ya yi tsada. Ta ce ya yi. Ta ci gaba da tankaɗe. A nan ya sa ta cikin waɗanda yake zargi, ba da mugunta ba, da sakaci: mace ce, ƙanenta ne, ba za ta ga laifinsa ba ko ya sayar da gari.

Shi kuwa ya san 'yan tasha. Ya ji abin da ake cewa wasunsu na haɗiya don kada barci ya ɗauke su a hanya. Yaro mai raunin zuciya a gaban mota yini guda, tare da mutumin da ya bar makaranta tun yana aji uku, me ake koya masa? Sai ya koma jiran Sirajo ya shiga wanka, ya lallaɓa ɗakinsa ya laluba aljihun rigar da ya cire. Ya sami ɓawon gyaɗa. Ya sami tsinken tsire. Ya sansana rigar, warin fetur da albasa. Ya ɗaga katifa, ya ga tabarma. Duk wannan bai kwantar masa da rai ba, sai ma ya tabbatar masa cewa masu abin sun iya ɓoyo.

Ya tare Sambo a tasha. Ya yaba sabon fentin motar, wadda rabonta da fenti tun tana hannun mai ita na fari. Ya ce yana jin labari direbobin zamani ba su barci, ko mene ne sirrin.

"Yallaɓai Darakta," in ji Sambo, wanda ya san sarai Malam Khalilu bai kai darakta ba kuma ba zai kai ba, "ni goro nika ci, shi ma sai na samu mai saya min. In wani abu kaka son sani, tambaya. Ba a kama mutum a kanta."

Malam Khalilu ya ce shi ba abin da yake son sani. Ya saya masa goro, ya tafi yana cizon yatsa.

Sai ga maganar hula. Ranar wata Juma'a ya hango ɗan maƙwabcinsu sanye da hular Sirajo, zanna mai ruwan toka, wadda kakarsa ta saya masa. Ga abin da Sista ta faɗa ya fara. Bai kira ta ba, don kiran zai jawo ta tambaye shi ko ya yi waccan tambaya. Ya bi yaron bayan masallaci, ya ba shi tasa hular ya karɓo ta Sirajo, ya dawo gida kai ba hula kamar wanda aka kora daga aiki, ya aje ta a kan filon ɗansa. Washegari Sirajo ya fito da ita a kansa. Ta matse masa goshi har ta yi shaida, da ma ta yi masa kaɗan. Ya gaida bango, ya wuce. Malam Khalilu ya rasa ko ya ci nasara ne ko an yi masa dariya.

A daren bai yi barcin kirki ba, da safe kuwa motar Sambo ta tsaya a ƙofa. Ya ji fitar Sirajo, ya ji an rufe ƙofar motar da ƙarfi har sau biyu don ba ta kamawa a na farko. Ya tashi ya naɗe fuskarsa da hirami, ya ce wa Kubura zai je duba wani aiki a ƙauye. Ta dubi hiramin, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A tasha ɗan kamasho ya tare shi da "Malam Khalilu, haƙori ne?" Mai shayi ya yi masa sannu da jiki. Wani tsohon ɗalibin mahaifinsa ya rantse sai ya biya masa mota. Kafin su tashi rabin tashar ta san Malam Khalilu za shi Kalgo a ɓoye. Ya zauna a baya tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji, yana tsara abin da zai tarar: wani lungu, wata rumfa, samari masu jan ido, Sambo a tsakiya yana rabo. Har ya shirya jawabin da zai yi wa Kubura a kan danginta. Amma can ƙarƙashin jawabin akwai wani abu da ya ƙi kwanciya. Duk garin da suka wuce sai ya tuna cewa bai san abin da ke cikin ran yaron ba, ko kaɗan, kuma in wani abu ya faru yau, abin da zai iya shaida a kai shi ne ɓawon gyaɗa.

A tashar Kalgo babu motar Sambo. Yana cikin leƙe-leƙe wani ɗan kamasho ya ce masa, ba tare da an tambaye shi ba, in Sambo yake nema ya je ƙofar asibiti, nan yake tsayawa duk ranar da ya zo da ɗan yayarsa. Malam Khalilu ya ji haushin yadda aka ba shi a banza abin da ya yi wata yana haƙa.

Motar na nan ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, Sambo na kan benci yana ɓare gyaɗa. Malam Khalilu ya laɓe bayan baron mai rake. Can sai ga Sirajo ya fito daga ciki, Sista Huseina na gefensa tana magana, shi yana gyaɗa kai. Ta tsaya sai da ta ga ya isa wurin kawunsa, sannan ta koma.

Nan zargin ya sake riga. Ashe ba lungu ba ne, asibiti ne, kuma ba ranar ganin likita ba. To me yake karɓa? In yaron na zuwa yana cewa maganinsa ya ƙare, ana ƙara masa, yana tarawa a inda ba a sani ba fa? Malam Khalilu ya dafa baron.

"Darakta," in ji Sambo, ko waiwayowa bai yi ba, "fito haka nan. Mai rake na son ya yi ciniki."

Ya fito yana warware hirami kamar da ma zafi ne ya dame shi. Ya ce aiki ne ya kawo shi. Sambo ya ce ai ya gani, aikin ƙaramar hukumar Gwandu ya faɗaɗa. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce yana da fasinjan Jega na jira. Ya saba tafiya da Sirajo a gaba har yamma, amma tunda ga uban ɗa, shi ya huta. Da ya zo wucewa ya rage murya, wasan ya fita daga cikinta. "Kar ka bar shi shi ɗai," ya ce. Ya ta da mota ya tafi.

Aka bar su a kan benci, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu. Malam Khalilu ya dubi gindin dogon yaron, ya fara cewa a gaya wa wancan, sai ya rasa abin da za a gaya masa.

Sirajo ya sa hannu a aljihu. Ya fito da waya ya aje a kan bencin, ya aje carbi, ya aje hankici, sannan ya zazzago aljihunan biyu waje.

"Ba a ba ni komai ba, Baffa. Magana kawai muka yi."

Ashe ya sani. Malam Khalilu ya ji kunya irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Ya yi gyaran murya ya ce ya ƙarfin jiki. Sirajo ya ce da sauƙi. To, haka kowa ke cewa. Haka mahaifiyarsa ta ce masa ana gobe za ta rasu. Ya ga cewa zai iya zama a kan bencin nan har la'asar yana karɓar "da sauƙi", ya koma Gwandu da ita, ya ci gaba da laluben aljihun da mai shi ya riga ya share masa.

Ya juyo. Wuyansa ya yi nauyi kamar ba nasa ba.

"Sirajo."

Sunan ya fito a karkace, kamar kayan aro. Yaron ya ɗago.

"Kana tunanin kashe kanka?"

Wata mai fura ta wuce. Wani ya fito daga asibitin da jariri a kafaɗa. Malam Khalilu ya jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

"Wani lokaci, Baffa."

Ya yi maganar a hankali, yana kallon hannuwansa. Ya ce ba kullum ba. Yakan zo ne da sassafe, tun kafin ya buɗe ido, ya zauna masa a ƙirji. Ba fushi yake da kowa ba. Yakan ji ne kamar shi kaya ne da aka ɗora wa gidan, in babu shi kowa zai miƙe. Ya ce ranar da ya fara gane ana taɓa masa aljihu ya kasa sanin ko jinyarsa ake ko gadinsa, kamar ɓarawo. Hular kuma da gaske ta yi masa kaɗan, amma da ya gan ta a kan filo ya ɗauka ba a son ya taɓa ko abin da yake nasa.

Malam Khalilu ya nemi magana mai kyau irin ta malamai, bai samu ba. Ya ce Sirajo ba kaya ba ne. Ya sake cewa ba kaya ba ne. Ya ce aljihun kuma an bari daga yau, hular ma ya ba wanda ya ga dama. Ya ce duk ranar da abin ya zo, a gaya masa, shi, ba bango ba. Sirajo ya ce to. Ya mai da kayansa aljihu ɗaya bayan ɗaya.

Tsoron bai tafi ba, amma wani abu ya taso ya zauna kusa da shi, kuma in za a faɗi gaskiya alfahari ne. Malam Khalilu ya ji ya yi abin da ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Shi kaɗai a zuriyar ya dubi ɗan fari ya kama sunansa, ya yi masa tambayar da ko likita sai ya daure. Har ya fara tunanin yadda zai shiga ya gaya wa Sista, a taƙaice, ba tare da nuna kai ba. Ya sayi rake, ya miƙa wa yaron gaɓa ɗaya hannu da hannu. Sannan ya tuna da gida, ya ga ya dace ya yi tsari irin na maigida.

"Wannan magana ta tsaya tsakaninmu," ya ce. "Kada Innarka ta ji. Ba za ta iya ɗauka ba."

Sirajo ya dube shi sosai, karo na farko.

"Inna ai kullum sai ta tambaye ni."

Malam Khalilu ya tsaya da raken a baki.

Sirajo ya ce tun washegarin dawowarsu ta fara. In ta kawo kunu da magani takan zauna a bakin katifa, ta kira sunansa, ta yi masa tambayar yadda Sista ta faɗa, kalma ba ta canzawa. Ranar farko tana yi tana kuka, yanzu ta saba. Sun yi alkawari ba zai yi mata ƙarya ba.

"In na ce a'a, sai in ɗauki fartanya in bi ma'aikata fadama. In na ce e, sai ta kira Kawu Sambo ya kawo ni nan."

Malam Khalilu ya sauke raken. Ya dubi ƙofar asibitin, ya dubi inda motar Sambo ta ɗiga baƙin mai a ƙasa, ya dubi ɗansa.

A Kalgo suke zaune.